Rokar fensir da gorar lemo a fadamar Kwalkwalawa

Ƙanena da ke karatu a Amurka ya zo hutu a ƙarshen Disamba, cikin tsarabar da ya sauke a gidanmu na Runjin Sambo har da wani dogon kwali da ya ce na ɗiyata ne. Shekararta 11. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka ba na kama sunan, Inna Ƙarama muke ce mata. A jikin kwalin an zana fensir rawaya, mai baƙin tsini a sama da jan abin goge rubutu a gindi, yana tafiya sama da wuta a ƙarƙashinsa. Ta juya kwalin, ta sake juyawa, ta ce, "Baffa, fensir ne ko jirgi?" Ya ce roka ce ta wasa, an dai yi mata siffar fensir ne don ta ba yara sha'awa, amma tashi take yi na gaske.

Bayan la'asar muka zazzage shi a kan tabarma. Abin da ke ciki bai yi kama da hoton ba ko kaɗan. Bututun takarda ne mai tsawon kamu biyu, da wata hula ta roba mai tsini, da ɗan falle na katako da aka tsaga siffar fikafikai uku a jikinsa, da laima ta leda mai faɗin santimita 30 da zarenta, da wasu zobba na kwali, da ƙaramin bututu, da ƙugiya ta ƙarfe, da takardar bayani mai zane-zane. Katakon nan shi ya fara ɗaukar hankalina. Na ɗora shi a tafin hannu ban ji nauyin komai ba. Balsa ake ce masa, itace ne na Kudancin Amurka, mafi yawansa daga ƙasar Ikwado ake fitar da shi. Na danna shi da farce ya lotsa, nan take na tuna ɓargon kara da muke yin mota da shi muna yara, mu fere ɓawon mu yi ƙusa da shi, mu yanka ɓargon mu yi taya.

Ni sana'ata gyaran injin ban ruwa, ido na ya saba da neman inda ƙarfin abu yake. Na duba, na sake dubawa, na ce wa ƙanena ina injin. Ya ce, "Yaya, shi ne abin da ban iya zuwa da shi ba. Albarushi ne a ciki, ba a barin fasinja ya shiga jirgi da shi, ko a jaka ko a hannu." Ya nuna mini hotonsa a waya. Ɗan gungume ne na takarda mai kauri, tsawonsa milimita 70, kaurinsa 18, bai wuce ɗan yatsa ba. A gindinsa akwai toshiyar yumɓu mai ɗan rami, bayanta albarushi da aka danƙare, bayansa wani haɗi mai ci a hankali yana hayaƙi, daga can sama kuma ɗan albarushi kaɗan wanda zai tunkuɗo hular ya fito da laima. Da waya da batir ake kunna shi, mutum yana tsaye nesa da kamar mita 5. Har rubutun jikinsa ya fassara mini. In ka ga B6-4, harafin shi ne jimlar ƙarfin, kuma kowane harafi ninkin na bayansa ne, B biyun A, C biyun B. Lamba 6 matsakaicin turawar ce, 4 kuma sakan huɗu ne da zai jira bayan wutar ta mutu kafin ya saki laima, don rokar ta gama hawanta. Na yaba wa wanda ya tsara wannan abu. Duk aikin da injin zai yi an jera shi a cikin yatsa ɗaya, daki-daki, babu abin da ke motsi.

Fuskar Inna Ƙarama ta canza da ta gane ba inji. Ba ta yi kuka ba, ta dai tattara kayan tana mayarwa cikin kwali a hankali, wannan ya fi kukan taɓa ni.

Muna da maƙwabci dattijo, tsohon maharbi, yana zaune a dakalin ƙofar gida lokacin da nake ba wani labarin. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, in albarushi kaka biɗa, ai akwai shi wurina. Mu ɗura mishi, mu toshe da yumɓu, shi tashi." Da zuciya ɗaya ya faɗa, don ya ga ran yarinyar ya ɓaci. Na yi masa godiya, na ce Baba a bar wannan. Ina so duk mai karanta wannan rubutu ya ji dalilina, don na san akwai wanda zai yi tunanin da Baba ya yi. Albarushin bindiga gari ne ko tsaki-tsaki, wuta na shiga tsakaninsa ta cinye shi gaba ɗaya a lokaci guda. Na cikin injin kuwa na'ura ce ta matse shi ya zama dunƙule ɗaya, yana ci daga fuska ɗaya kawai. In ka ɗura gari a bututu ka toshe, ba roka ka yi ba, abin fashewa ka haɗa, kuma hannun da ya fi kusa da shi na yaro ne.

Wasan nan ma asalinsa gudun wannan haɗarin ne. A shekarun 1950, musamman bayan Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ranar 4 ga Oktoba 1957, samarin Amurka suka dinga haɗa sinadarai a bututun ƙarfe a bayan gida, wasu suka rasa yatsu, wasu ido, wasu rai. Wani mai sayar da takalma a jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ya san aikin wasan wuta, shi da ɗan'uwansa suka tsara ƙaramin injin takarda tun 1954. Carlisle ya aika da shi ga G. Harry Stine, wanda ya yi aikin kula da lafiyar harbi a filin gwajin makamai na White Sands, a 1957 suka kafa ƙungiyar masu wannan wasa. Sai Vernon Estes ya ƙera na'urar da ke fitar da inji ɗaya duk sakan biyar da rabi, kamfaninsa na jihar Kolorado ya fara a 1958. Manufar duka ita ce yaro ya gina jikin da takarda da katako mara nauyi, ya bar haɗa wuta ga masana'anta. To ni da na ji wannan tarihi, yaya zan koma in yi abin da aka ƙirƙiro wasan don a hana?

Na ce wa Inna Ƙarama za mu gina fensirin, tashi kuma ki bar mini, zan yi tunani.

Kwana uku muka yi muna gini, kullum bayan na dawo daga shago. Fikafikan suka fi cin lokaci. Ta ciro su daga fallen da reza, muka haɗa su uku wuri ɗaya muka goge da samfefa mai laushi har suka zama girma ɗaya, sannan ta zagaye bakin gaba na kowanne. Takardar ta ja kunne cewa jijiyar katakon ta bi bakin gaba, in aka juya ta, fiffiken zai karye da taɓawa kaɗan. Akwai wata 'yar takarda da ake naɗawa a bututun a sa alama uku daidai wa daida. Don a ja layin ya miƙe, sai a kwantar da bututun a kusurwar ƙyauren ƙofa a bi da fensir. Ni da na shekara 20 ina yanka bututu ban taɓa sanin wannan dabara ba, kuma tun ranar nake amfani da ita a shago.

Gam ɗin kafinta fari muka sa. Ana shafa siriri a gindin fiffiken, a manna, a cire, a bari ya sha iska kaɗan, a sake shafawa a manna na dindindin. A nan hunturu ya nuna mana halinsa. Iskar Janairu a Sakkwato ba ta barin komai da danshi, leɓe ma tsagewa yake yi, balle gam. Kafin ta daidaita fiffike na farko a kan layi, gam ya yi fata, ya kama a karkace. Na ga karkatar ba ta kai kaurin ashana ba, na ce a bar shi. Ta ɗaga bututun ta leƙa ta gindi, ido ɗaya a rufe, kamar yadda zanen ya nuna, ta ce, "Baba, wannan yana kallon gidan su Baba maharbi, sauran suna kallon sama." Muka jiƙa shi da ɗan ruwa, muka ɓanɓare, muka goge, muka sake. Daga nan muka koma ɗaki, muka rufe taga, muka ajiye kwanon ruwa kusa. Ta riƙe kowane fiffike da yatsu biyu tana ƙirga ɗari, numfashi ma a hankali take yi. Bayan sun kama ta bi kusurwar da ɗan yatsa ta shafe gam ya kwanta sumul. Fenti kuwa sai da muka kifa babban kwali a kansa, in ba haka ba ƙura ta mayar da rawayan ruwan ƙasa.

Ƙaramin bututun da zobban da ƙugiyar, wato mazaunin inji, ba mu saka ba. Na so in manne hular da gam, ta ce, "In an samu injin fa wata rana?" Sai muka ɗaure ta da salatif, mazaunin kuma ta zuba a ambulan ta rubuta a bayansa ta ajiye a akwatinta.

Dabarar farko mai sauƙi ce. Na samo bututun wayarin na roba mai milimita 20, na naɗe shi da tef har fensirin ya riƙa shiga yana fita ba tare da ya yi sako-sako ba. Na haɗa shi da guntun tiyo, ƙarshen tiyon na cusa a bakin gorar lemo babba wadda ba komai a ciki. Aka kafa bututun a tsakar gida yana kallon sama, aka zura fensir. Ta yi tsalle ta dira a kan gorar da ƙafa biyu. Fuf! Fensir ya wuce katanga, ya kai tsakiyar dogon yaron ƙofar gida, ya tsaya kamar mai shawara, ya juyo da tsininsa ya soke a rairayi. Yaran unguwa suka cika gidan kafin magariba, kowa na son ya taka. A tashi na tara ya faɗo a kan bulo, fiffike ɗaya ya tsage, ta gyara shi da ragowar balsar.

Amma na san ba wannan ta gani a kwali ba. Wannan harbawa ce kamar ta gwafa, ƙarfin duka a ƙasa yake, da ya bar bututu shi ke nan. Roka ta gaske da ƙarfinta take tafiya, tana watso wani abu baya, abin yana tura ta gaba. Kullum ina ganin haka a wurin aiki. Ka tayar da inji, ruwa ya cika tiyo mai inci biyu, in ba a riƙe bakin ba sai ya yi baya yana bulala kamar maciji. Bindigar Baba maharbi ma in ta tashi sai ta daki kafaɗa. Isaac Newton ya rubuta wannan ƙa'ida a 1687, cewa duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka daidai gwargwado. Ashe ba dole sai wuta ba. Abin da ake bukata shi ne abu mai nauyi da za a watsar, da ƙarfin da zai watsar da shi. Ruwa da iska ke nan, kuma su biyun nan su ne abincina.

Na ɗauki gorar lemo mai gas ta lita ɗaya da rabi. Wannan sharaɗi ne, sai ta lemo mai gas, don ita aka yi ta jure matsi. Gorar ruwan sha sirara ce. Wurin mai faci na karɓo bawul ɗin tayar da ba ta da tub, na sa shi a ƙarshen tiyo mai tsawon mita 5, ɗaya ƙarshen na bi da shi ta cikin toshiyar roba da na fere daidai bakin gorar. Gorar tana zama a kife, bakinta a ƙasa, cikin wata mahaɗar bututu da na kafa a katako. Na lanƙwasa ƙarfe siffar U, yana shiga ta ramuka biyu ya danne zoben nan na wuyan gora, an ɗaura masa igiya. In an ja igiya ƙarfen ya fita, gora ta samu 'yanci. Kafin in bar yaro ya matso, na cika gorar da ruwa fal, na nutsa ta a durom, na buga mata iska har geji ya nuna 70. Ruwa ba ya matsuwa, in gorar ta fashe a haka ba ta da ƙarfin yin ɓarna. Ta jure. Na yanke cewa ba za mu wuce 50 ba, alhali tayar ƙaramar mota 30 zuwa 35 take sha. Kuma ba a barin gorar a rana, zafi na sassauta robar. Fikafikai muka yanko daga jikin tsohuwar jarka, hula kuma daga saman wata gorar, duka da tef muka ɗaure, don sufa gulu na cin roba.

Akwai abin da na yi kafin mu fita, kuma ina ba kowa shawarar ya yi. Kalmar roka a kunnen mutanenmu yanzu ba ta wasa ba ce. Wanda ya san halin da gabashin jiharmu ke ciki, su Isa da Sabon Birni, ya san abin da ke zuwa zuciya in an ambace ta. Na ɗauki gorar da famfon keke na je wurin mai unguwa na nuna masa, na kuma gaya wa manomin da nake gyara wa inji a fadamar Kwalkwalawa cewa za mu zo gefen gonarsa. Can na zaɓa don fili ne, ba wayar lantarki, kuma filin jirgin sama na Sultan Abubakar III yana can kudu da gari, mu muna arewa.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka fita, don iskar hunturu ba ta cika tashi ba sai rana ta ɗaga. Ni da ita a babur ɗina, ƙanena da Baba maharbi a kan kabu-kabu, don ya ce sai ya ga ƙarshen abin. Hazo ya kwanta a kan gulbin Rima, sanyi na shiga ƙashi, ƙamshin albasa ya cika wurin. Ta zuba ruwa kashi ɗaya cikin uku, na kife gorar, na sa ƙarfen. Ƙanena ya kama famfo. Kana ganin kumfar iska na hawa ta cikin ruwan, gul, gul, gul, gorar tana ƙara ƙyalli tana ɗan ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Geji ya kai 40. Ta yi bisimilla ta ja igiya.

Ta tashi da ƙara, ta watsa mana laka, amma ko tsawon mutum uku ba ta yi ba ta fara katantanwa, ta yi gefe, ta faɗi tana juyi. Muka sake, haka. Inna Ƙarama ta ɗauko ta tana duba fikafikan, ta ce ai a miƙe suke.

Baba maharbi ya miƙo hannu. Ya ɗora gorar a kan yatsa ɗaya yana matsar da ita har ta tsaya, yatsan na can kusa da fikafikai. Ya girgiza kai ya ce, "Wagga aba taku ba ta da kai. Kibiya in ka cire mata ƙarhe, ko wa ya harba ta sai ta yi ta juyi. Nauyi ga baki shi ka jan ta." Ƙanena ya buɗe takardar bayanin fensir, ga shi nan a shafin ƙarshe, abin da Baba ya faɗa ne da zane. Kowace roka tana da wuri biyu: inda nauyinta ya daidaita, da inda iska ke taruwa ta tura ta in ta buge ta daga gefe. Dole na nauyin ya kasance gaba da na iskar, da tazarar da ta kai aƙalla faɗin jikin rokar. In haka ne, da ta fara karkata sai iska ta kama fikafikan ta mayar da gindin baya. In sun juya, iskar ce za ta ƙara kifar da ita. Fensirin bai ba mu wannan matsala ba saboda hularsa na da nauyi kuma ba inji a gindinsa. Gorar kuwa kanta fanko ne.

Ta ɗebo laka daga bakin rijiyar gonar, dunƙule kamar ƙwan kaza, ta ƙulle a leda, muka cusa a hular muka ɗaure. Takardar ta koya mana gwaji: a ɗaura igiya daidai inda nauyin ya tsaya, a juya rokar a saman kai kamar majajjawa. Da farko gindi ta sa gaba. Aka ƙara laka kaɗan, aka matsar da igiya, ta sake juyawa, sai ga hular ta juyo da kanta ta kama hanya. Baba ya ce, "Yanzu ta yi kai."

Tashi na uku ba zan manta da shi ba. Ruwan gaba ɗaya ya fice cikin ƙasa da rabin sakan, ya bar wani farin sanda a tsaye a iska, gorar kuma ta miƙe ɗoɗar tana ƙanƙancewa har ta kusa ɓacewa a hazo. Ba wanda ya yi magana. Sai da ta juyo ta doki ƙasa sannan manomin, da ya bar fangalinsa ya zo kallo, ya ce Allahu akbar. Na dubi ɗiyata, igiyar na hannunta har yanzu, bakinta a buɗe, laka a goshinta.

Daga nan aikin ya koma nata. Ƙanena ya nuna mata yadda ake auna tsawo da abin auna kusurwa mai siffar rabin wata na cikin gwangwanin lissafinta. Aka ɗaura masa zare da noti, aka manna shi a jikin tsinken shan lemo. Na auna mita 30 da tef daga wurin harbi, ta tsaya can tana leƙen rokar ta tsinken, in ta kai ƙarshen hawanta sai ta danne zaren ta karanta. In kusurwar ta nuna 45, tsawon daidai yake da nisan, mita 30 ke nan. Da ruwa kashi ɗaya cikin uku da iska 50 ta samu kusurwa 50, wato wajen mita 36. Ta ce a ƙara ruwa ya kai rabi, tunda ruwan ne ke turawa. Aka ƙara, ta samu 41, wajen mita 26, don iskar ta ragu kuma gorar na ɗaukar nauyin da ba ta gama amfana da shi ba. Ta ce to a gwada ba ruwa sam. Ta yi tsawa mai ƙarfi, ta tashi kamar tsawon gida mai bene, ta dawo. Duk ta rubuta a bayan littafin lissafinta, layi-layi. Ba wanda ya ce ta gwada waɗannan, ita ta nema.

Ƙanena ya ba ta labarin Robert Goddard, wanda ya harba roka ta farko mai aiki da mai ruwa-ruwa maimakon albarushi ranar 16 ga Maris 1926, a wata gona a jihar Masacusets. Sakan biyu da rabi ta yi a sama, ta kai wajen mita 12 da rabi, ta faɗa cikin gonar kabeji. Ta duba littafinta ta ce, "Baffa, ashe tamu ta fi tasa nisa." Ya ce ta fi, amma daga tasa aka kama hanyar da ta kai mutum duniyar wata a 1969.

Saura laima. Muka mayar da lakar muka ɗaure ta a jikin gorar kanta, muka naɗe laimar fensir muka ɗora a kai, muka kifa hular sako-sako ba tef, da zare da ya haɗa ta da jiki. Lissafin shi ne iska za ta danne hular yayin hawa, in gorar ta juyo sai ta zame. Karo na farko ta zame tun a ƙasa-ƙasa, laimar ta buɗe ta tsayar da komai. Karo na biyu ba ta zame ba sam. Na yanka ɗan zobe na tef a jikin gorar ya zama mazaunin hular, ta shafa wa ledar hoda don kada ta manne. Karo na uku, can sama, hular ta rabu, wani ɗan abu ja da fari ya bazu. Lokacin rana ta ɗaga, iskar arewa maso gabas ta fara motsi, ta ɗauki gorar tana lilo da ita, ta tsallake fangali wajen goma. Inna Ƙarama da ɗan manomin suka bi ta a guje ta kan kunya, suna kaucewa shukar. A tsakiyar albasa ta sauka, ba ta karya ko ganye ba. Manomin ya ƙi karɓar ban haƙuri, ya ma cika mana leda da albasa.

Da dare, muna shan kunu, ta tambaye ni ko Najeriya na da roka. Ƙanena ya gaya mata akwai hukumar sararin samaniya tun 1999, kuma tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, rokar Rasha ce ta ɗaga shi daga filin harbi na Plesetsk a can Rasha a Satumbar 2003. Ta yi shiru. Ni kuma na ba ta wanda na sani na garinmu: a 1824 Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan auna taurari da taswirar sama, ya tarar Sarkin ya san buruji duka da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Na ce mata a garin nan aka yi wannan zama, ba nisa da inda muke zuwa ziyara Hubbare.

Fensirin yana rataye da zare a ɗakinta, tsininsa ya ɗan lotsa, ambulan ɗin mazaunin inji na cikin akwati. Ta riga ta gaya wa mai shagon unguwa ya riƙa ajiye mata gorar lita biyu. Ni kuma ta ba ni aiki: in huda murfin gora da ramin da bai kai bakin faɗi ba, tana so ta ga in ruwan ya fita a hankali ko tsawon zai ƙaru. Ɗan manomin ya aiko cewa ya yanka nasa fikafikan, huɗu ya yi maimakon uku, Asabar mai zuwa za a gwada su biyun a iska 50.